Hoton da na kasa mannawa

Yau na kai shafi na 9 a littafin da nake haɗawa da hannu daga tarkacen adakar Kaka, Allah ya jiƙanta. Takardar lanho, wato haraji, ta kakanmu, tambur mai hoton Diori Hamani, guntun atamfarta da ya koɗe, duk na manna su da ƙaro da na jiƙa tun jiya, bangon kuma jar fata ce wani baduku ya yanka min a kasuwar Dole ta Damagaram.

Sai na ɗauko hoton nan baƙi da fari, Kaka tana budurwa tsaye gaban wani soro a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, zanen bangon ya fito raɗau. Har na shafa ƙaro a takarda, na juya hoton, ashe akwai rubutun ajami a baya da tawadar allo, layi biyu kawai, hannun kakanmu ne. Wallahi hannuna rawa ya kama yi, in na manna shi shikenan rubutun ya tafi. Na kai ma Inna, ta karanta a hankali ta yi shiru, ta ce tun kafin aurensu ne. Aljihu na ɗinka ma hoton da zare a shafin, yadda za a iya zaro shi. Shekara nawa muna kallon hoton nan ba wanda ya taɓa juya shi.