Ƙullin shaddar da ya kwana uku a Birnin Kwanni

Sana'ata sayar da shadda da atamfa ce a kasuwar Tawa, kuma kusan kowane wata nakan je Yamai in yi sari a Babbar Kasuwa, in ɗaure kayan ƙulli-ƙulli, in kai tasha a loda su a ramin kaya na ƙarƙashin motar fasinja. Tafiyar ta haura kilomita 500, ana bi ta Doso da Dogondutsi da Birnin Kwanni kafin a karkata arewa ta Badagishiri, kuma a kowane zango ana sauke kaya ana ɗora wasu, sau da yawa cikin duhu da gaggawa. Shekarun baya, ana saura mako biyu ƙaramar salla, ƙulli ɗaya ya salwanta a wannan hanya. Na yi cigiya har na gaji, ban samu wanda zai ce mini ga garin da aka sauke shi ba, kuma sai da na shekara ina biyan bashin mai kayan.

Wannan asara ce ta sa da ƙanena zai dawo daga bida a Abijan ya zo mini da wasu ƴan na'urori guda huɗu a kwali ɗaya, farare, zagayayyu, kowace ba ta fi babban maɓallin riga da yawa ba. Sunansu AirTag, kamfanin Apple ne ya fito da su a watan Afrilun 2021 a kan dalar Amurka 29 kowace ɗaya. Ya ce mini: "Yaya, tunda salularka iPhone ce, ka riƙa cusa ɗaya cikin kowane ƙulli, duk inda aka kai shi za ka gani." Na karɓa da murna, amma na karɓa da fahimtar da ba daidai ba, domin na ɗauka abin yana magana da tauraron ɗan adam kamar na'urar da ake saka wa manyan motoci.

Ba haka yake ba. Babu layin waya a cikinsa, babu GPS, akwai ɗan batir mai kama da kwabo, wanda ake kira CR2032, da ƙaramar lasifika, da abin da ke fitar da siginar bulutut. Babban aikinsa shi ne ya yi ta sanar da kansa ga abin da ke kusa da shi, tazarar da ba ta wuce ƴan mitoci gommai ba a fili, kuma tana raguwa sosai idan bango ko ƙarfe ya shiga tsakani. Idan wani mai iPhone ya gitta, ko da bai san ni ba, bai kuma san da ƙullin ba, salularsa za ta ji siginar, ta haɗa da wurin da take a lokacin, ta aika ta intanet a kulle, yadda ni kaɗai nake iya buɗe saƙon. Lambar da na'urar ke fitarwa kuwa tana sauyawa lokaci-lokaci don kada wani ya bi sawunta. Da na gane wannan sai na ga ashe cigiya ce irin wadda muka sani, sai dai a nan wayoyin mutane ne ke yin ta a madadin bakunansu. Cigiya kuwa ba ta isa inda babu mai ji.

A Yamai abin ya burge ni. Na bar ƙulli a wurin mai turin kaya, na koma sallar azahar, ina kallon ɗigon yana tafiya a kan taswira daga kasuwa har tasha, yana sabuntawa bayan ƴan mintoci. Da muka fita gari kuwa, muddin ina cikin motar, salulata ce da kanta ke jin sa, saboda haka ban gane rauninsa ba sai ranar da na aiko kaya ni kuma na riga su dawowa.

Ƙulli huɗu na bar wa wani ɗan'uwa ya loda mini a motar asuba. Da yamma motar ta iso Tawa, aka sauke uku. Na buɗe manhajar Find My, wadda ke nuna na'urorin a kan taswira, hannuna yana rawa, sai na ga na huɗun an gan shi na ƙarshe a Doso tun da hantsi, daga nan shiru. Wannan ne kuskuren da na kusa yi: na ɗauka a Doso aka sauke shi, har na fara neman wanda zan tura tashar can. Ƙanena ne ya tsayar da ni, ya nuna mini cewa sauran ukun ma, da ke gabanmu a ajiye, sun nuna Doso a daidai wannan lokaci kafin su iso. Ma'ana, a Doso ne wata iPhone ta ƙarshe ta ji su, wataƙila ta wani fasinja da ya sauka a can, kuma daga nan duk abin da ya faru ya faru ne a makance. Ɗigon da ke kan taswira ba ya cewa "ga inda kayanka suke", abin da yake faɗa shi ne "ga inda aka gan su a ƙarfe kaza", kuma duk wanda bai duba lokacin da ke rubuce a ƙasa ba zai yi tafiyar banza.

Na saka shi a yanayin ɓata, wato na shaida wa manhajar cewa ya ɓace, na rubuta lambata, na kwana ban runtsa sosai ba. Washegari babu labari. Sai a rana ta biyu, wajen la'asar, salula ta yi ƙara: an gan shi a Birnin Kwanni, kusa da tasha. Kwanni gari ne na kan iyaka, ƴan kasuwa daga Illela da Sakkwato suna shiga suna fita, kuma ina kyautata zaton ɗaya daga cikinsu ne ya tsaya kusa da ɗakin ajiya da irin wayar a aljihu. Ban san shi ba, shi ma har abada ba zai san ya yi mini alheri ba, kuma ina yi masa addu'a.

Da asuba na hau mota. Mai kula da ɗakin ajiyar, wani dattijo mai natsuwa, ya ce mini: "Alhaji, kaya ne jibge, kuma babu wanda aka rubuta da sunanka." Gaskiya ya faɗa, domin takardar da aka manna ta yage a hanya. Na roƙe shi ya bar ni in tsaya a bakin ƙofa. Salulata ta kama siginar, na danna a yi ƙara, muka yi tsit, sai muka ji wani siririn kuka kamar na ɗan tsako daga ƙarƙashin buhunan da aka jera a kusurwa. Kibiya ta fito a fuskar wayar tana nuna mini hagu, mita uku, mita biyu, wanda aiki ne da yawancin iPhone daga 11 zuwa sama ke iya yi. Aka ɗaga buhuna biyu, ga ƙullina da igiyar da na ɗaure da hannuna. Dattijon bai ba ni ba sai da na faɗi launin shaddar da ke ciki da yawan turamen aka kwance aka ƙirga, kuma na ga dacewar hakan. Ba sata aka yi ba, an haɗa shi ne da kayan wani aka sauke cikin sauri.

Bayan wannan na yi tunanin cewa ai wayoyin da suka cika hannun mutanenmu Tecno ne da Itel da Infinix, masu tsarin Android, don haka na'urar da ke dogara da su za ta fi gani a ƙasarmu. Kamfanin Google ya buɗe tasa hanyar a watan Afrilun 2024, wadda na'urorin Chipolo da Pebblebee ke aiki da ita, sai na sa aka kawo mini ɗaya na haɗa da salular yaron kantina. Sakamakon bai kai yadda na sa rai ba. Dalili na farko halinmu ne: mutum yana kashe bulutut don batir ya kai shi dare, yana kashe intanet don kada kuɗinsa ya ƙare, ba ya kunna wurin da yake sai zai nemi hanya, kuma waya a wannan hali ba ta cigiyar komai. Na biyu, yadda Google ya tsara abin tun farko, ba a aiko da wuri sai wayoyi fiye da ɗaya sun ji na'urar, domin kare sirrin mutane. A tsakiyar kasuwar Tawa ranar Lahadi yana nunawa, a unguwa kuwa yakan wuni bai motsa ba. SmartTag na Samsung ban gwada ba, tunda da wayoyin Galaxy kaɗai yake aiki, shi kuma Tile, wanda ya riga AirTag da SmartTag fitowa, ya fi dogara da waɗanda suka sauke manhajarsa, kuma ban san kowa a nan da yake da ita ba.

Akwai ƙananan abubuwa da hanya ta koya mini. A da ina cusa na'urar can tsakiyar turame don kada a gan ta, sai na lura ƙararta ba ta fitowa, yanzu ina ɗinke ta a ɗan aljihu kusa da bakin ƙulli. Akwatin ƙarfe yana danne siginar kusan gaba ɗaya. Batirin kirki yana kai kimanin shekara, amma wani mai araha da na saya a tebur bai yi wata uku ba, saboda haka ina duba su kafin kowace tafiya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne buƙatar da wani maƙwabcina ya zo da ita. Da farko ya ce babur ɗinsa yake son saka wa, na faɗa masa gaskiya cewa ba maganin ɓarawo ba ne, domin idan na'urar ta rabu da mai ita na tsawon sa'o'i 8 zuwa 24 tana yin ƙara da kanta, kuma tun watan Mayun 2024 Apple da Google sun daidaita yadda iPhone da Android za su riƙa gargaɗin mutum idan baƙuwar na'ura tana tafiya tare da shi. Ko ta nuna gidan da babur yake, hukuma ake kai wa bayanin, ba a zuwa da kai. Da hira ta yi nisa sai ya fito da ainihin nufinsa, wato ya jefa ta a jakar iyalinsa ba da saninta ba. Na ce masa: "Malam, wannan ba zan taimaka a kai ba. An hana mu bin diddigin juna a ɓoye, kuma ranar da wayarta ta sanar da ita, ɓarakar da za ta shiga gidanka ta fi abin da kake zargi." Ya tafi ransa a ɓace, ni ma ban ji daɗi ba, amma ban ba shi ba.

A safarar da na yi makon jiya, kowane ƙulli yana da na'urarsa a ɗinke, da sunana da lambata a rubuce da alƙalami mai kauri a jikin buhun kansa, gefe biyu. Na karɓi lambar yaron mota a Yamai, na kira shi da suka isa Dogondutsi, na sake kiransa a Kwanni kafin a rufe ramin kaya ya ƙirga mini. Ya ce huɗu ne, kuma huɗun aka sauke a Tawa bayan sallar isha'i.