Na bi ruwan Tiga har Nguru

Ni ɗan Kura ne, kuma tun da na buɗe ido na tarar da ruwa a bakin gonarmu, rani da damina. Kanal ɗin da ya taso daga madatsar Tiga shi ya shayar da shinkafar mahaifina da tumatirinsa, da kuɗinsu aka sa ni a makaranta. Ban taɓa tambayar inda ruwan yake nufa in ya wuce mu ba, sai da hunturun bana na tafi Nguru duba kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda jiki ya ɗan taɓa.

Da sassafe na shiga mota a tashar Yankaba, hazo ya rufe gari, kowa ya ƙudundune cikin mayafi. Muka wuce Gujungu, muka ci abinci a Haɗeja, muka ɗauki hanyar Birniwa. Ƙasa ce ta yashi da goruba da kaba, ba ka zaton akwai ruwa a gaba. Muna dosar Nguru sai ga wata ciyawa ta miƙe a gefen titi, ta fi mutum tsayi, kore shar a lokacin da kowane tsiro ya bushe. Na ce wa dattijon da ke kusa da ni, "Baba, wannan ai albarka ce." Ya dube ni ya girgiza kai ya ce, "Ɗan nan, baƙo ne kai. Kacala ke nan, ita ta kore mu daga gonakinmu."

Na tarar da Kawu ya ji sauƙi, har yana zama a ƙofar gida yana ɗinkin taru. Masunci ne tun yana saurayi. Kwana biyu da zuwana ya ce sai ya kai ni na ga tafki, duk da iyalinsa sun so ya ƙara hutawa. Jikansa ya tuƙa mu a kwale-kwale.

Wanda bai ga tafkin Nguru da safiyar hunturu ba, da sauran kallo a gabansa. Dinya da kirinjijiya da zalɓe sun cika fuskar ruwa, ga wasu ƙananan tsuntsaye da ke ƙetaro Sahara daga Turai su yi sanyi a nan, su koma in zafi ya shigo. Saboda su ne a shekarar 2000 aka sa tafkin da mashigar Marma da ke kawo masa ruwa cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, wuri na farko a Najeriya. Amma ba mu yi nisa ba hanya ta tsuke. Kacala dama da hagu, ganyenta yana shafar kafaɗa, sauro yana tashi da rana tsaka. Yaron ya ajiye filafili ya koma tura jirgi da gora. Kawu ya sa hannu ya tumɓuko ɗaya ya miƙo mini. Saiwarta fara ce mai kauri, ta saƙa da laka baƙa ƙirin, kan nata kuwa kamar zangarniyar gero. Da ya murza shi sai iri ya watse cikin iska kamar auduga.

"Nan da kake gani gonar shinkafar Baffa ce," in ji shi, yana nuna wani wuri da ba abin da ke ciki sai kacala. Ya ce a da kogi yana da lokacinsa. Ya cika da damina ya malale fadama, kifi ya shiga ciyawa ya yi ƙwai, manomi ya shuka shinkafa. In ruwa ya janye a bi danshi da wake, makiyaya su sauko da shanu, da bazara kuma ƙasa ta bushe ta tsage, duk ciyawar da ba ta jure ƙishi ta mutu. Haka ruwa ɗaya yake ciyar da masunci da manomi da Bafulatani, kowa da watansa.

Abin da ya sauya tsarin nan daga wajenmu ya taso, kuma a nan ne jikina ya yi sanyi. An gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Audu Bako, aka ƙara da ta Challawa a 1992. Kogunan biyu da aka datse, na Kano da na Challawa, su ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, ya bi ta Wudil da Ringim ya gangaro nan. Tun da aka tare su, babbar ambaliyar da ke wanke hanyoyin ruwa ta ragu, a maimakonta ruwa yana ta silalowa kaɗan-kaɗan duk shekara saboda noman rani da shan birnin Kano. Abin da kacala take so ke nan, ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. Tana tare laka, laka ta toshe hanya, ruwa ya nemi wata mafita. Sai ya tattaru ya bi Marma ya cinye gonaki a ɓangaren Nguru, alhali tsohon kogin da ke nufar Gashuwa yana neman ruwa ido rufe. Abin da ke isa can yawanci na kogin Jama'are ne, wanda har yau ba a yi masa babban dam ba. Daga Gashuwa kuwa Komadugu Yobe ce, ta bi Geidam da gefen Diffa ta nufi Tafkin Chadi, ga mutane birjik suna jira a bakinta.

Da yamma muna dawowa na ga wani baƙin gajimare ya taso daga cikin kacala yana murɗawa. Tsuntsayen jan baki ne. A ciki suke kwana, da asuba su faɗa wa duk wata gonar shinkafa ko gero da ke kusa. Yara kan wuni suna kaɗa gwangwani suna ihu, makaranta kuma sai wata rana.

Washegari na bi matasan unguwa gayya. Sun fi talatin, ruwa iya ƙirji cikin wannan sanyi, kowa da lauje ko adda, suna yanke kacala daga can ƙasan ruwa don ta ruɓe. Wani yana ba da waƙa suna amsawa, mata suna kawo kunu a bakin gaɓa. Zuwa azahar sun buɗe hanyar da jirgi ɗaya zai bi. Na tambayi babbansu ko za ta daɗe. Ya ce, "Yallaɓai, in Allah ya kai mu baɗi nan za ka same mu." Akan kawo manyan injina masu tafiya kan ruwa su yashe, suna kuma taimakawa, amma muddin kogi bai sami watannin bushewarsa ba, ciyawar tana nan tafe.

Ban dawo ina cewa a rushe dam ba, domin na san gidaje nawa ke ci daga gare shi, har da namu. Abin da na yarda da shi yanzu shi ne, kafin a buɗe ƙofar Tiga ko a rufe ta, masuncin Nguru da manomin Gashuwa suna da haƙƙin a ji ta bakinsu, a kuma saki ruwa yadda kogi ya saba: da ƙarfi a lokacinsa, a tsuke shi da rani. A 2006 jihohin Kano, Jigawa, Yobe, Borno, Bauchi da Filato sun kafa asusun haɗin gwiwa saboda wannan kogi, alamar hukuma ma ta san igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Mu ma manoman sama da namu laifin. Sau nawa muke buɗe kanal mu tafi gida, ruwa ya kwana yana malala a hanya?

Ranar da zan taho Kawu ya cika mini kwali da bandar tarwaɗa da karfasa, ya ce in kai wa 'yar'uwarsa, in ce mata ta yi haƙuri ƙanana ne, manyan sun yi wuya. Na isa Kura bayan isha'i. Da gari ya waye na leƙa gona, na tarar ruwa ya cika kwamin shinkafa ya tsallake kunya yana bin hanyar shanu. Na tuɓe takalmi na shiga, na toshe bakin da laka.