Kuɗin dozin da kuɗin ɗaki a Kumasi

A sana'armu ta yankan takalmi ba a biyan mutum da yini, da dozin ake biya. Ni mai yanka ne a wata rumfa a unguwar Aboabo, cikin Kumasi. In ɗora kwalin awo a kan fata ko roba, in zana, in bi da wuƙa. In an manna sama da ƙasa a dawo mini da shi in datse bakin da ya fito. Mai ɗinki da mai shafa gam duk ni suke jira, amma kuɗin dozin ɗina ne mafi ƙanƙanta a rumfar, wai don wuƙa kowa ya iya riƙewa. Mai faɗin haka bai taɓa ɓata fallen fata an cire a kuɗinsa ba.

Duk shekara gwamnatin Ghana da ƙungiyar ƙwadago da masu ɗaukar ma'aikata sukan zauna su yanke mafi ƙarancin ladan yini. A 2024 sidi 18.15 ne, a 2025 ya koma 19.97. Mu a rediyo kawai muke ji, don babu ruwansa da mai dozin. Ranar da oda ta yi yawa nakan ninka wannan kuɗi har sau uku ko fiye, ranar da babu kuwa haka zan koma gida hannu rabbana. Wuƙata ba ta cin lantarki, amma da an ɗauke wuta keken ɗinki ya tsaya, abin da na yanka ya taru, sai maigida ya ce in dakata.

Shekarar 2022 ce ta nuna mini inda aka fi cin mu. Dala ta tashi daga wajen sidi 6 ta wuce 14, hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a watan Disamba. Gam da roba daga waje suke zuwa, suka yi tashin gwauron zabi, maigida ya ƙara wa 'yan sari na kasuwar Kejetia kuɗin takalmi ba sau ɗaya ba. Mai koko ta rage ludayi, direban trotro, wato motar haya, ya ƙara nasa. Kuɗin dozin kaɗai ya tsaya cak. Da na yi magana sai ya ce, "Haba ɗan nan, kai ma kana ganin kuɗin gam." Na ce, "Maigida, ina gani, amma gam ba ya biyan haya."

Haya ita ce maganar. Abincin yini ko yaya ne ana samu, a zango ba a barin mutum ya kwana da yunwa. Ɗaki kuwa sai ka ajiye kuɗin shekara ɗaya ko biyu a dunƙule kafin a ba ka makulli. Dokar haya ta 1963 ta ce kada a karɓi fiye da na wata shida, amma je ka karanta wa mai gida a unguwar Sawaba doka, ka ga ko ba zai nuna maka mutum uku da ke jiran ɗakin ba. Kuma tsofaffin masu gidaje har yau da tsohon kuɗi suke lissafi, na kafin 2007 da aka cire sifili huɗu: sidi ɗari su ce miliyan ɗaya. Ka ji ana kiran miliyoyi a kan ɗaki guda mai banɗaki a waje, gabanka ya faɗi.

Shi ya sa na daina auna samuna da yini. Aikinmu na lokaci ne: gabanin Sallah ƙarama da babba, Kirsimeti, da komawar yara makaranta. A nan ake tara kuɗin ɗaki, in ya wuce ya wuce. Na shiga adashi, na roƙi uwar adashi ta sa kwasata ta faɗo daidai ƙarewar hayata. Wanda ya kwashi nasa ana jibi Sallah, shadda ce za ta cinye.

Neman ƙari ma yana da lokacinsa. Ba a yi a damina, sa'ad da rumfa ta yi tsit. Ana saura kwana kaɗan azumi ya kama, oda ta cika, a nan maigida yake jin magana. Na kuma daina yarda da kuɗi ɗaya ga kowane aiki, don silifas na roba da takalmin fata mai maɗauri da yawa ba wahalarsu ɗaya ba. Wuƙa da dutsen wasawa na sayi nawa, saboda mai kayan aikinsa yana iya yi wa wata rumfa yanka da yamma ba tare da roƙo ba. Katin inshorar lafiya kuwa ba na barinsa ya mutu. Yatsa ɗaya ya tsage, mako guda babu dozin.

Bara, a maimakon ƙarin da ya hana, maigida ya yarda guntayen fata su zama nawa. Da su nake haɗa takalman yara, matata tana sayarwa a ƙofar gida. A 2025 sidi ya farfaɗo, kuɗin gam ya ɗan sauka, mai ɗakinmu dai bai rage ko kwabo ba.