Mota mai inji, babu birki

Ina shekarar ƙarshe a karatun ilimin motsa jiki a Samaru aka haɗa ni da wani matashi ɗan wasan sikwash (wasan da mutum biyu ke buga ƙaramar ƙwallon roba da raket a jikin bango cikin ɗaki) da ke shirin gasa, aka ce in tsara masa atisayen ƙarfi da sauri. Kaina kuwa cike yake da labarin Jahangir Khan na Pakistan, wanda ya ci wasa 555 a jere tsakanin 1981 da 1986, mutumin da aka sani da juriya. Sai na ɗora yaron a hanyar Shika, kullum bayan sallar asuba, kilomita takwas ko goma. Wata biyu muna haka. Haki ya daina damunsa, amma da ya shiga ɗakin wasa sai ƙwallo ta riƙa riga shi.

Wani dattijon koci ya kalle mu daga sama ran nan, ya kira ni gefe. "Ɗana, yaronka mota ce mai inji, birki ne babu." Na ce, "Baba, ai gudu yake yi." Ya ce in auna ɗakin tukuna.

Tsawonsa mita 9.75 ne, faɗinsa 6.4. Daga alamar T da ke tsakiya zuwa kowace kusurwa taku biyu ne ko uku. Ina wurin dogon gudu a nan? Aikin duka shi ne ka zabura, ka tsaya cak a kan ƙafa ɗaya gwiwa a lanƙwashe, ka buga, ka turo kanka baya zuwa T kafin abokin karawa ya mayar. Wasan ma ba na zamanin Jahangir ba ne. A da maki 9 ne, kuma mai sabis, wato mai fara bugun ƙwallo, shi kaɗai ke samun maki. Yanzu 11 ne, duk wanda ya ci musayar ƙwallo yana samun maki ko ba shi ne mai sabis ba, an kuma rage tsayin farantin ƙasan bangon gaba, wanda dole ƙwallo ta bugi samansa, zuwa santimita 43 ga ƙwararru, saboda haka ƙwallo na yawan mutuwa a gaba. Da hunturun Zariya abin ya fi muni, don ƙwallon gasa mai ɗigon rawaya biyu ba ta tashi sai ta yi zafi.

Muka sauya. Ɗaga ƙarfe ya koma kan ƙafa ɗaya: dogon taku da nauyi a hannu, ya sauka a hankali ina ƙirga uku, ya taso da ƙarfi. Sai tsalle daga kan benci, kuma in na ji ƙarar saukarsa a sake. Sai wasan fatalwa, wanda ya fi tsana: ba ƙwallo, ni ke nuna kusurwa, ya je ya kaɗa raket a iska ya dawo T, daƙiƙa talatin aiki, talatin hutu.

A nan ma na yi garaje. Na cusa masa ƙarfe da tsalle da fatalwa rana guda, gwiwarsa ta kumbura, muka yi asarar mako biyu. Tun daga nan atisayen sauri nake fara yi, tun jiki bai gaji ba, ranar ƙarfe mai nauyi kuma sai an bar kwana biyu a tsakani.

Hanyar Shika ban yar da ita ba, sau ɗaya a mako ta koma. Dattijon ya sake leƙowa bayan wata uku, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce mini ƙafar hagu har yanzu tana makara a kusurwar gaba.