Hadarin da ya wuce mu, a ina yake ƙarewa?

Ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a cikin garin Gombe. Wata rana a ƙarshen Satumba muna tsakiyar darasi hadari ya haɗo ta wajen Dadin Kowa, iska ta fara buga tagogi, yara suka tashi suna rufewa. Yayyafi kawai ya yi mana ya wuce. Wata yarinya da ke zama a bencin baya, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, hadarin nan kullum daga gabas yake tasowa ya yi yamma. To a ina yake ƙarewa?" Na ce Bauchi, in ya yi ƙarfi ya kai Kaduna. Aji ya kwashe da dariya. Ni dai na san amsar sallamar yaro na ba ta.

Da dare na sayi data na zauna karatu, har aka ɗauke wuta ban tashi ba. Ashe hadarin kansa yakan mutu cikin kwana ɗaya ko biyu, amma igiyar iskar da ke goye da shi ba ta tsayawa. Takan taso daga wajen Darfur da tuddan Habasha duk bayan kwana 3 zuwa 5, ta ratsa Chadi da arewacin Najeriya da Mali, ta faɗa tekun Atlantika ta gaɓar Sanagal. Kusan 60 ake samu a shekara, yawancinsu a can suke watsewa. Kaɗan daga ciki, in suka tarar da ruwan teku ya ɗumama ya haura digiri 26, sai su fara juyawa a kusa da tsibiran Kef Bad, su ƙetare tekun suna ƙara ƙarfi, su zama mahaukaciyar guguwar da muke ji a rediyo ta afka wa Amurka. Mafi yawan manyan guguwowin nan daga wajenmu suka samo asali.

Sai kuma na ci karo da aikin wani masani na jami'ar jihar Kolorado, Wiliyam Girey, wanda a 1990 ya nuna cewa a shekarun da damina ta yi albarka a yammacin Sahel manyan guguwowi sun fi addabar gabashin Amurka, a shekarun fari kuwa sai su lafa. Na ce wannan ba abin da zan karanta wa yara ba ne kawai, gara mu gwada da hannunmu.

Muka haɗa kwali uku da salatif, muka ja layi da rula daga 1920 zuwa 2020. Saman layin nawa ne, zan cika shi da jan maka, guguwowin da suka faɗa wa jihar Fulorida ta kudu maso gabashin Amurka da maƙwabtanta. Ƙasan layin nasu ne: kowa ya je gida ya tambayi kakansa shekarun ruwa da shekarun fari.

Nawa bai ba ni wuya ba, don Amurkawa suna da rajistar guguwa tun daga 1851. A 1926 wata ta ragargaza Mayami. A 1928 wata ta sa tafkin Okicobi ya ɓalle, mutum wajen 2,500 suka halaka, yawancinsu leburorin gona baƙaƙen fata. Daga 1944 zuwa 1950 jan maka ya cushe har ba wajen rubutu. Sai 1960, sai 1965. Daga nan kudancin Fulorida ya yi shekara 27 bai ga babbar guguwa ba. A 1983 guguwa huɗu kacal aka raɗa wa suna a duk faɗin tekun. Kwatsam a 1995 suka kai 19. A 2004 huɗu suka bugi Fulorida cikin mako shida, a 2005, shekarar guguwar Katrina, aka ƙirga 28, a 2020 kuma 30, har sunayen da aka tanada suka ƙare.

Nasu ne ya yi rigima. Tsofaffinmu ba sa ƙirga da lamba. Wani ya kawo "kafin jirgin ƙasa ya iso", wannan mai sauƙi ne, 1963. Wata ta kawo "shekarar da bushiya ta cinye shanu", 1983. Amma yara biyar suka kawo "farin shekarar canjin kuɗi", na kuwa tattara su duka na zuba a 1973, shekarar da aka bar fam aka koma naira. Wani yaro ya ƙi yarda, ya ce kakansa ya ce a lokacin babansa har ya fara zuwa kasuwa. Ranar Asabar na hau babur na bi shi gida. Na tarar da tsohon a zaure yana gyaran igiyar guga. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, wane canjin kuɗin kake nufi?" Ya kalle ni kamar na tambaye shi sunan garinmu. "Na Buhari mana, Malam, da aka sauya wa takardun launi. Na farkon ai gero ya ƙone amma mun samu abin iri. Na biyun ko kara ba mu tara ba." Wato 1984. Canjin kuɗi biyu, fari biyu, ni mai takardar shaida na haɗe su wuri guda.

Da muka gyara, muka liƙa kwalin a bango muka ja da baya, ajin ya yi tsit. Inda tsofaffi suka ce shekarun auduga ne da cikar rumbu, shekarun 1950, nan jan maka ya yi yawa a sama. Inda suka ce fari, daga 1972 zuwa tsakiyar shekarun 1980, lokacin da tafkin Chadi ya janye ya bar masunta a kan tudu, saman ya yi fayau. Har 1988 ta zauna daram: shekarar da ruwa ya fasa madatsar Bagauda a Kano ita ce shekarar guguwar Gilbat da ta daki Jamaika.

A nan daɗi ya kwashe ni. Na ɗauki fensir na ce musu abin zagaye yake yi kamar ƙafar keke, shekara 25 zuwa 30 na tashin hankali, wasu kamarsu na lafawa, saboda haka su lissafa daga 1995 su gaya mini lokacin da fari zai dawo. Har na ja layi. Yarinyar bencin baya ce ta sake tsayar da ni. Ta nuna ɗigon ja guda ɗaya da ke zaune shi kaɗai kafin 1995 ta ce, "Malam, wannan fa?" Guguwar Andiru ce, Agustan 1992. Shekara ce marar yawan guguwa, a cikin zamanin lafawa, amma ɗayar da ta samu hanya ta rushe dubun-dubatar gidaje a kudu da Mayami, ta yi ɓarnar sama da dala biliyan 25. Da na koma karatu na ga kishiyar haka ma ta faru: daga Oktoban 2005 zuwa Agustan 2017, a tsakiyar zamanin yawan guguwa, babu babba ko ɗaya da ta taɓa gaɓar Amurka.

Abin da na kasa gani da farko shi ne ko juyi biyu cikakku babu a kan kwalinmu, shi ma farkonsa ƙirgen jiragen ruwa ne, don ba a fara bin guguwa da jirgin sama ba sai a shekarun 1940, tauraron ɗan'adam kuwa sai shekarun 1960. Su kansu masanan ba su daidaita ba. Wasu sun ce ruwan Atlantika ne ke ɗumama ya huce da kansa. Wasu sun ce hayaƙin masana'antun Turai da Amurka ne ya kare hasken rana, arewacin tekun ya yi sanyi, guguwa ta lafa, damina ta ja kudu ta bar mu, da suka kafa dokokin tsabtace iska sai ya sake ɗumama. In wannan ce gaskiya, babu wani zagaye da za a jira, kuma geron Baba da ya ƙone akwai hannun bututun hayaƙin wata ƙasa a ciki. Washegari na goge layin fensir a gabansu, na ce na yi gaggawa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai bai ma shiga kwalin ba. A 1960 mutanen Fulorida ba su cika miliyan 5 ba, a 1990 sun kusa miliyan 13. Da yawansu sun je ne a shekarun shiru, suka gina a bakin ruwa ba su taɓa ganin rufi ya tashi ba. Mu ma da Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996 aka yi ta yanka filaye har cikin kwari, mutanen da suka tashi a shekarun ƙarancin ruwa suna saye, sai ambaliyar Agustan 2004 ta zo. Ni kaina filin da na gina a bakin kwari yake, na saye shi don araha, dillali yana rantse mini ruwa bai taɓa hawowa nan ba. Na tabbata bai yi ƙarya ba, shekarunsa ne ba su kai ba.

Da na koma yi wa Baba godiya na kwatanta masa unguwarmu. Ya ajiye igiyar ya ce, "Bayan tsamiyar nan? Malam, ai nan muke wanka muna yara, har bayan an yi girbi." Na auna da taku da na dawo, daga gindin tsamiyar zuwa katangata taku 31 ne. Asabar ɗin da ta biyo na sayo buhunan siminti wofi guda 40, ni da 'ya'yana muka wuni muna ɗura yashi.