Editin ne ya koya mini riƙe kyamara

A shekararmu ta ƙarshe a makaranta aka raba mu rukuni-rukuni, kowane rukuni ya kawo gajeren fim da bai wuce minti goma ba. Mu muka zaɓi marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda masu ita ke cewa tun 1498 ake rini a cikinta. Kayan aikinmu duk na aro ne: kyamara Canon 600D da gilashinta 18-55, ƙafar kyamara mai ɗan karkata, da ƙaramar na'urar ɗaukar murya Zoom H1. Ni aka ɗora wa ɗauka da tacewa, ba don na fi kowa iyawa ba, sai don ni ke da laftof.

Lissafin kyamara ba shi da wuya a aji. Hoto 25 a daƙiƙa, shata (tsawon lokacin da haske ke shiga kowane hoto) a 1/50 na daƙiƙa, ISO (ƙarfin karɓar haske na kyamara) a ƙasa. Rana ce ke ɓata lissafin. Daga hantsi zuwa la'asar haske a marina ya fi ƙarfin wannan saitin ko da ISO yana 100, farin yadi sai ya ƙone fat, babu zare babu ninki. Ko dai ka tsuke ƙofar gilashi har f/16, ko ka nemo matatar haske ta ND ka ɗaura. Ba mu da ita, don haka muka koma fita da sassafe, kuma hazon hunturu ya yi mana rana, domin yana tausasa hasken kyauta.

Launi ya fi ba ni aiki. Idan marini ya tsamo yadi daga ruwan baba, kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi ya riƙa komawa shuɗi a gaban idonka. Wannan juyin shi ne zuciyar fim ɗin. Amma in ka bar kyamara ta daidaita fari da kanta, sai ta ga shuɗi ya yi yawa ta shiga gyara, fuskar dattijon marinin da muke hira da shi ta koma ruwan lemo, yadin ya dusashe. Farar takarda muka riƙa ɗagawa a gaban gilashi kafin kowace ɗauka, mu kulle saitin a kanta.

Duk wannan a fili na koya. Sauran sai da na zauna gaban DaVinci Resolve, manhajar tace bidiyo da ake saukewa kyauta. Laftof ɗina mai RAM 8 ne, yana buɗe hotunan sai ya hau tsayawa yana huci, har wani edita a Zoo Road ya nuna mini yadda ake yin ƙananan kwafi marasa nauyi a yi yanka da su, a dawo da na ainihi wajen fitarwa. Daga nan aikin ya fara tafiya, kuma daga nan na fara ganin abin da edita ke nema a wurin mai kyamara. Dattijon ya yi bayani mai daɗi, amma da tari da maimaici a tsakani. Ka yanke tarin, kansa ya yi tsalle a hoto. Abin rufe wurin shi ne hannunsa yana matse yadi, ko kumfar da ke saman rami, ko yatsun da baba ya rine har cikin farce. Irin waɗannan kuwa sai an tsaya cak a kansu daƙiƙa goma aƙalla, ba a yawo da kyamara ana zuƙowa. Da muka koma marina, da idon mai yanka na shiga. Kafin in danna, sai in tambayi kaina ina wannan hoton zai zauna, me zai zo bayansa.

Wani abu da 600D ke yi: fayil na kaiwa 4GB, wajen minti 12 ke nan, sai ta tsaya da kanta, ko da mutum yana tsakiyar magana. Shi ya sa Zoom ɗin ba ma kashe shi. Kafin kowace hira ɗayanmu ya yi tafi ɗaya a gaban kyamara, a kwamfuta in haɗa tsinin da ƙarar tafin ta yi a zanen sauti da lokacin da tafukan suka haɗu a hoto, don murya ta dace da hoton. Dattijon har dariya yake yi mana, wai ’ya’yan nan sai sun yi wa kansu tafi kafin su yi aiki. A ƙarshe kuma mu roƙi kowa ya yi shiru rabin minti mu ɗauki amon wurin, da hon ɗin a-daidaita-sahu da komai, don cike gurbin da yanka ya bari.

Sautin da ya fi yi mana amfani na mabuga ne, masu dukan yadi da taɓarya a kan gungume har ya yi ƙyalli. Dukan nasu yana da kari, ɗaya na sauka ɗaya na tashi. Na sa ƙarar ta riga hoton shigowa da daƙiƙa biyu, mai kallo na jin bugu tun yana kallon ramin rini, sannan na riƙa yanka a kan saukar taɓarya. Abokan rukunina sun so a sa kiɗa a ƙarƙashi. Na ƙi, muka yi ta ja-in-ja, aka bar shi haka. Fim ɗin ya fita a minti takwas, babu kiɗa ko ɗaya a ciki.