Darasin yanka talla daga faɗuwar American Ultra

In fim ya faɗi a kasuwa, mai yanka talla, wato mai haɗa gajeren bidiyon tallar fim (trailer), ake fara ɗora wa laifi, ko da oga ne ya zaɓi abin da za a nuna. Babu fim ɗin da ya fito min da wannan fili kamar American Ultra na 2015, wanda Max Landis ya rubuta, Nima Nourizadeh ya ba da umarni.

Jesse Eisenberg ne Mike, ɗan wiwi mai jiran kanti a wani ƙaramin gari na West Virginia a Amurka, bai san hukumar leƙen asiri ta CIA ta taɓa horar da shi kisa ba sai daren da mutum biyu suka zo kashe shi, ya gama da su da cokali da kofin taliya mai zafi. Kristen Stewart ce budurwarsa Phoebe. Ƙashin bayan labarin soyayyarsu ce: zobe na aljihunsa, firgici ya hana shi hawa jirgin Hawaii inda ya so ya nemi aurenta, ita kuma tana ta haƙuri da shi.

Tallar kuwa ta jingina kan hayaƙi da barkwanci. Nan aka yi ɓarnar. Daƙiƙa 30 na farkon talla alkawari ne, kuma mai kallo zai biyo bashinsa a sinima. Wanda ya zo dariya ya tarar da jini da karyewar haƙora, wanda zai so soyayyar tun a gida ya ɗauka shiririta ce ya ƙi fitowa. Fim mai fuska uku, leƙen asiri da ban dariya da soyayya, sai a zaɓi wadda ke ɗauke da sauran a gina minti biyu da rabi a kanta. A nan kamata ya yi a buɗe da zoben da fuskar Phoebe, cokalin ya shigo a tsakiya ba zato, a bar wiwi ta zama gishiri. Amma oga yakan ce a sa abin da ya fi ba shi dariya a ofis, ranar hisabi kuma ba a ganinsa.

An saki fim ɗin 21 ga Agusta, rana ɗaya da finafinan Sinister 2 da Hitman: Agent 47, ga Straight Outta Compton na riƙe da kambu. American Ultra ya tashi na shida a ƙarshen makonsa na farko da kusan dala miliyan 5.5, bayan an kashe miliyan 28 wajen yin sa. Finafinan duk matasa iri ɗaya suke farauta.

Sauran darussan ba su da tsawo. A nuna tallar ga waɗanda ba su ga fim ɗin ba, a tambaye su wane irin fim ne. In amsarsu ta saɓa, a koma kan kwamfuta. Kiɗan talla ya dace da na fim. Duk gyaran da oga ya ce a yi, a nemi ya turo shi a rubuce, a kuma ajiye yankan farko.